CINIKIN BIRI A SAMA: Yadda Kulob Ɗin Pittsburgh Ya Tsinci Gwanaye Biyar A Shekara Guda

A ƙarshen watan Afrilu na kowace shekara, manyan kulob-kulob 32 da ke cikin ƙungiyar ƙwallon Amurka, wadda ake kira NFL a taƙaice, sukan yi zama na kwana uku domin su raba wa junansu samarin da suka yi fice a wasannin jami'o'i. Kafin ma a watse daga wurin taron, masu sharhi a jaridu da talabijin sun riga sun zaro alƙalumansu suna ba da maki kamar malaman makaranta: kulob kaza ya yi zaɓe na hankali, ya ci jarrabawa, kulob kaza kuwa ya yi wasa da damarsa, ya faɗi warwas. Abin mamaki shi ne, a sa'ad da ake raba wannan maki, babu ko yaro ɗaya daga cikin waɗanda aka zaɓa da ya taɓa taka fili sanye da rigar sabon kulob ɗinsa. Ashe ke nan ana yanke shari'a tun ba a kira shaidu ba.

Akwai wani zaɓe guda wanda ya isa misali ga duk mai son ya san ko irin wannan maki yana da wani amfani. Shi ne wanda kulob ɗin Pittsburgh Steelers ya yi a shekarar 1974. Masana tarihin wasan da yawa suna ɗaukarsa a matsayin zaɓe mafi albarka da wani kulob ya taɓa yi, amma a makon da aka yi shi ba haka aka gan shi ba, ko da a cikin garin Pittsburgh kansa.

Saboda mai karatun da bai saba da wannan wasa ba, ya kamata a fara da cewa ƙwallon Amurka ba shi da wata dangantaka ta kusa da ƙwallon ƙafa da muka sani, illa dai yawan 'yan wasa, watau goma sha ɗaya a kowane gefe. Ya fi kama da zari-ruga. Ƙwallon dogo ne mai siffar gwanda, ana runguma shi a ruga a guje ko kuwa a jefa wa abokin wasa ya cafe. Tsawon filin yadi 100 ne, kuma ana ba masu kai hari dama sau huɗu su ci gaba da yadi goma. In sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Kowane kulob yana da rundunar kai hari dabam, da rundunar tsaro dabam, kuma kowane mutum da aikinsa. Akwai madugu mai jefa ƙwallo, akwai masu cafewa, akwai ƙarti na sahun gaba waɗanda ba su da wani aiki sai ture-ture da bangaza, kai da kai, ƙirji da ƙirji. Shi ya sa kowa yake sanye da hular kwano da matasan kafaɗa.

A ƙwallon ƙafa, kulob mai kuɗi shi ke sayen ɗan wasan da ya ga dama. A Amurka ba haka tsarin yake ba. Tun a shekarar 1936, bisa shawarar Bert Bell mai kulob ɗin Philadelphia Eagles, wanda ya gaji da ganin masu kuɗi suna kwashe dukan yara masu kyau, aka amince cewa kulob ɗin da ya zo na ƙarshe a kakar bara shi zai fara zaɓe, zakara kuwa shi ne na baya. In kowa ya ɗauki mutum ɗaya-ɗaya, an yi zagaye guda ke nan, sai a sake komawa farko. Yaron da aka zaɓa ba shi da ta cewa game da garin da za a kai shi, sai dai in ya ƙi wasa baki ɗaya. Haka kuwa aka yi da mutumin farko da aka taɓa zaɓa, Jay Berwanger na Jami'ar Chicago: ba a daidaita da shi a kan kuɗi ba, sai ya kama harkar kasuwanci, bai buga ko wasa ɗaya ba. A yau zagaye bakwai ake yi, ana ɗaukar yara 250 da 'yan kai. A 1974 kuwa kulob 26 ne, zagaye 17, yara 442, kuma a otal ɗin Americana da ke New York aka yi zaman, ranakun 29 da 30 ga Janairu.

SHEKARA ARBA'IN BA KOFI

Art Rooney ya kafa kulob ɗin Pittsburgh a 1933, kuma ya shafe kusan shekara arba'in bai ga kofi ba. Kulob ne da ya yi suna wajen rashin sanin darajar abin da ke hannunsa. A 1955 ya zaɓi wani ɗan garin mai suna Johnny Unitas a zagaye na tara, ya sallame shi tun ba a fara kaka ba, yaron ya tafi Baltimore ya zama ɗaya daga cikin manyan madugai a tarihin wasan. Al'amura sun fara sakewa ne a 1969 da aka ɗauko Chuck Noll ya zama koci. A kakarsa ta farko wasa ɗaya tak ya ci, aka cinye shi sau 13. Amma Noll ya yi imani cewa ba a gina kulob da tsofaffin 'yan wasan da wasu suka yar, sai da yara sababbi. Ya ɗauki Joe Greene a 1969, Terry Bradshaw da Mel Blount a 1970, Jack Ham a 1971, sa'an nan Franco Harris a 1972. Ya zuwa 1973 kulob ɗin ya ci wasa goma cikin 14, saboda haka a zaɓen 1974 sai da aka ɗauki yara ashirin kafin layi ya zo kansa.

A nan ne ya wajaba a tsaya a kan wani mutum wanda ba koci ba ne, bai kuwa taɓa yin wannan wasa don neman abinci ba. Sunansa Bill Nunn, kuma ɗan jarida ne. Ya daɗe yana editan wasanni na jaridar Pittsburgh Courier, ɗaya daga cikin manyan jaridun baƙar fata na Amurka a wancan zamani. Tun daga 1950 aikinsa ne kowace shekara ya fitar da jerin gwanayen 'yan wasa na jami'o'in baƙar fata, watau makarantun da aka kafa wa jikokin bayi a jihohin kudu lokacin da aka hana su shiga na farar fata. Don ya yi wannan aiki sai ya riƙa bin waɗannan makarantu ɗaya bayan ɗaya, yana kwana a gidajen kociyoyi da shugabannin makarantu, domin a zamanin wariyar launin fata otal-otal na kudu ba sa saukar irinsa. Ta haka ya san kowa, kowa ya san shi. Manyan kulob-kulob kuwa ba safai suke aika kowa can ba, in ma sun aika, ɗan aiken yakan leƙa ne na yini guda ya wuce. Dan Rooney, ɗan mai kulob, shi ya jawo Nunn a 1967, bayan Nunn ya gaya masa a fili cewa kulob ɗin ba ya kula da jerin sunayen da jaridarsa take bugawa. Daga hannunsa aka samu L.C. Greenwood a zagaye na goma a 1969, da Mel Blount, da Ernie Holmes.

A lokacin kulob-kulob da dama sun haɗa kai sun kafa wata ƙungiyar masu farautar 'yan wasa mai suna BLESTO, suna raba kuɗin tafiya da kuma rahoton da aka samo. Wata rana cikin kakar 1973 ayarin masu farautar suka sauka a wata ƙaramar jami'ar baƙar fata, Alabama A&M, don su gwada gudun wani mai cafe ƙwallo da ake kira John Stallworth. Gwajin da aka fi dogara da shi, a da da yanzu, shi ne gudun yadi 40. An yi ruwa, fili ya jiƙe, yaron bai yi gudun kirki ba, kowa ya rubuta a littafinsa cewa ba shi da sauri, ayari ya kama hanya. Kamar yadda mutanen kulob ɗin suka sha ba da labari daga baya, Nunn ya ce shi ba ya jin daɗin jikinsa, zai kwana. Da gari ya waye ya nemi busasshen fili ya sake gwada yaron, agogo ya nuna wani abu dabam. Har ila yau ya karɓo fim ɗin wasannin Stallworth daga makarantar da alkawarin zai miƙa wa sauran kulob-kulob, amma fim ɗin ya yi ta zama a Pittsburgh. Mai karatu yana iya kiran wannan wayo, yana kuma iya kiransa rashin cika alkawari, duka biyun ba a yi ƙarya ba. Sa'a kuma ta ƙara taimakawa, domin a wasan baje koli na ɗalibai masu fita da ake kira Senior Bowl, inda dukan masu farauta suke taruwa, sai aka sa Stallworth a rundunar tsaro maimakon wurin da ya gwanance.

Noll ya kalli wannan fim har ya ƙoshi, ya ce shi Stallworth yake so a zagaye na farko. Masu farautarsa, a ƙarƙashin Art Rooney ƙarami da Dick Haley, suka ce a yi haƙuri. Hujjarsu ita ce akwai Lynn Swann na Jami'ar Kudancin California, wanda duk ƙasa ta gan shi a talabijin, in ba a ɗauke shi yanzu ba wani zai ɗauka. Stallworth kuwa babu wanda ya san shi, zai jira. Aka ɗauki Swann a lamba ta 21. A zagaye na biyu gardama ta sake tashi, aka sake danne zuciya aka ɗauki wani ɗan tsaron tsakiya daga Jami'ar Kent State mai suna Jack Lambert, a lamba ta 46. A zagaye na uku kulob ɗin ba shi da kuri'a, ya riga ya ba Oakland a musayar wani ɗan wasa. Haka suka zauna suna kallon ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowane kira gabansu na faɗuwa, har layi ya dawo kansu a zagaye na huɗu, lamba ta 82, Stallworth yana nan ba wanda ya taɓa. A zagaye na biyar, lamba ta 125, suka ɗauki Mike Webster na Jami'ar Wisconsin, ɗan manoman dankali, mai wasa a tsakiyar sahun gaba. Bayan an gama zagaye 17 an tashi, sai Nunn ya sa aka kira wani yaro daga South Carolina State wanda ba kulob ɗin da ya ga ya cancanci ko kuri'ar ƙarshe, Donnie Shell, aka ba shi kwantiragi.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana da aibin da aka rubuta masa. An ce Swann ba shi da jiki, gudunsa kuma ba na a zo a gani ba ne. Tun yana yaro rawa ya koya, har da irin ta bale, abin da wasu suka ɗauka abin dariya ne ga mai shiga wasan ƙarti. Lambert dogo ne, ƙafa shida da inci huɗu, amma siriri kamar sanda, nauyinsa bai wuce laba 200 da kaɗan ba, watau wajen kilo 92, alhali aikinsa shi ne tare mutanen da suka fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Abin da ya ja hankalin mutanen Pittsburgh gare shi, in ji su, shi ne wata rana da ruwa ya hana atisaye a fili aka koma wurin ajiye motoci mai tsakuwa, suka ga yaron nan yana tsalle yana faɗawa ƙasa kamar a kan ciyawa yake, ya tashi yana tsince tsakuwa daga fatarsa. Webster an ce ya yi ƙanƙanta. Shell kuwa an ce jikinsa bai kai na wurin da yake wasa a jami'a ba, kuma ba a tabbata zai iya koyon wani wurin ba.

Kashegari wani marubucin wasanni na jaridar Pittsburgh Post-Gazette ya auna zagaye biyar na farko. A ganinsa kulob ɗin ya ƙara ƙarfi ta wajen masu cafe ƙwallo kawai, bai toshe sauran gurabun da ke buƙatar toshewa ba. Ya ce Swann zai yi amfani, Lambert in ya yi ƙoƙari zai zama na biyar a layin masu tsaron tsakiya, sauran ukun kuwa alamar tambaya ce. A cikin ukun nan har da Stallworth da Webster.

ABIN DA SHEKARU SUKA NUNA

A damunar 1974 tsofaffin 'yan wasa na NFL suka shiga yajin aiki na makonni, abin da ya bar wa sababbin yara filin atisaye su kaɗai, kociyoyi suka sami sukunin kallonsu da kyau. Wanda ke riƙe da tsakiyar tsaro, Henry Davis, ya ji rauni, aka sa Lambert, bai kuma sake barin wurin ba har shekara goma sha ɗaya. A ƙarshen kakar aka zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan tsaro, a 1976 kuma gwarzon 'yan tsaro na ƙungiyar baki ɗaya. Ranar 12 ga Janairu 1975 Pittsburgh ta doke Minnesota da maki 16 da 6 a wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl, tsoho Art Rooney ya rungumi kofinsa na farko. Suka sake ɗauka a Janairun 1976, da 1979, da 1980, watau kofi huɗu cikin shekara shida.

A wasan ƙarshe na 1976, wanda aka yi da Dallas, Swann ya cafe ƙwallo sau huɗu kacal, amma ya ci yadi 161 da su, aka ba shi kyautar gwarzon wasa. Wanda ya ga hoton cafewar da ya yi yana shawagi a iska, ƙwallo na tangal-tangal a yatsunsa, ya san inda darasin rawa ya tafi. Makonni biyu kafin wannan rana yana kwance a asibiti saboda bugun da ya sha a ka a wasansu da Oakland. A wasan ƙarshe na 1980 kuwa, Los Angeles Rams na gaba da maki biyu a kashin ƙarshe na wasa, Stallworth ya cafe wata doguwar jifa ta bisa kafaɗarsa ya ruga da ita, yadi 73, wasa ya juya. Da aka zo lissafin ƙarshe, yaron da aka jinkirta har zagaye na huɗu ya fi na zagayen farko: Stallworth ya yi kaka 14 ya cafe ƙwallo 537, Swann ya yi kaka tara ya cafe 336. Ashe Noll bai yi kuskure ba da ya nace, su ma masu farautar ba su yi kuskure ba da suka ce a jira.

Webster sai da ya yi shekara biyu yana karɓa-karɓa da wani tsohon hannu, Ray Mansfield, kafin wurin ya zama nasa. Shell ma ya daɗe yana jiran gurbi, amma da ya samu ya ƙwace ƙwallo 51 daga jifar abokan karawa kafin ya yi ritaya. Da a ce an auna zaɓen nan bayan kaka ɗaya, da an ce an sami mutum ɗaya da rabi. A garin Canton na Jihar Ohio akwai zauren da ake karrama gwanayen wasan na dindindin. Lambert ya shiga a 1990, Webster a 1997, Swann a 2001, Stallworth a 2002, Shell kuma a cikin ayarin 2020. Shi kansa Bill Nunn an shigar da shi a 2021, shekara bakwai bayan rasuwarsa. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Hukuncin ƙarshe a kan Donnie Shell sai da ya ɗauki shekara 46.

To, gwaninta ce ko sa'a? Ra'ayinmu shi ne duka biyun, kuma wanda ya ce ɗaya ce kawai bai duba da kyau ba. Batun Stallworth da Shell gwaninta ce tsantsa, domin ta fito ne daga shekarun da Nunn ya yi yana zuwa inda wasu suka raina. Ya san abin da sauran ba su sani ba, ba don ya fi su ido ba, sai don ya fi su zama a wurin. Amma batun Webster fa? In da mutanen Pittsburgh sun san abin da zai zama, da ba su bar shi har mutum 124 suka riga shi ba, ciki har da huɗu da su da kansu suka ɗauka. Kuma waɗannan mutane dai, Noll da Rooney ƙarami da Haley da Nunn, su ne a 1983 suka sake samun kansu a lamba ta 21, ga Dan Marino, haifaffen Pittsburgh wanda ya yi jami'a a cikin garin, ga madugunsu Bradshaw ya tsufa, suka tsallake shi suka ɗauki Gabe Rivera. Rivera ya yi wasa shida, ya yi haɗarin mota da ya bar shi a keken guragu. Marino ya tafi Miami a lamba ta 27 ya shafe kaka 17 yana kafa tarihi. Pittsburgh ba ta sake samun madugu na dindindin ba sai a 2004 da ta ɗauki Ben Roethlisberger.

Wasu malaman jami'a biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, sun bi diddigin zaɓen shekaru masu yawa, suka yi wata tambaya mai sauƙi: in an ɗauki ɗan wasa, sau nawa yake fin wanda aka ɗauka bayansa a irin wurin da yake wasa? Amsar da suka samu ita ce kashi 52 cikin ɗari. Watau kaɗan ya fi jefa kwabo sama a ce kai ko wutsiya. Misalai kuwa ba su ƙidayuwa. A 1998 an yi ta gardama a kan wa ya fi tsakanin Peyton Manning da Ryan Leaf. Aka ɗauke su na ɗaya da na biyu, Manning ya ci kofi biyu, Leaf kuwa kafin shekara biyar ya bar wasa. A 2000 mutum 198 aka ɗauka kafin Tom Brady, wanda ya ƙare da kofi bakwai. A 2012 masu sharhi da yawa sun yi wa Seattle ca saboda ta ɗauki Bruce Irvin da Bobby Wagner da wani madugu da aka ce gajere ne, Russell Wilson. A Fabrairun 2014 yaran nan suka ɗauki kofi da maki 43 da 8.

Kada a ɗauka cewa kulob-kulob ba sa ƙoƙari. Tun 1987 ake tara yara ɗari uku da wani abu a birnin Indianapolis kowace shekara, a auna tsawonsu da faɗin tafin hannunsu, a gwada gudun yadi 40, a ga sau nawa za su ɗaga ƙarfe mai laba 225, likitoci su duba kowace gaɓa, a yi musu tambayoyi har game da iyayensu da abokansu. Duk wannan yana rage duhu, amma ba ya gaya maka yadda saurayi ɗan shekara 22 zai kasance in kuɗi sun shigo hannunsa, ko in ya ji rauni, ko in ya faɗa hannun kocin da bai san inda zai sa shi ba. Saboda haka abin da ya dace a tambaya a ranar zaɓe ba wai ko yaran za su yi kyau ba ne, domin ba mai wannan sani sai Allah. Abin tambaya shi ne ko kulob ya san wani abu da sauran ba su sani ba, ko ya biya tsada fiye da kima, da kuma ko yana da gurbi da malamin da zai rene su. Sauran hukunci sai bayan shekara uku ko huɗu, sa'ad da kwantiragin farko ya ƙare aka ga waɗanda kulob ya yarda ya sake zuba kuɗi a kansu.

Mu ma a Nijeriya muna da namu a cikin wannan labari. Christian Okoye, haifaffen Enugu, ya tafi Amurka ne a matsayin mai jifan faifai, bai taɓa ƙwallon Amurka ba sai yana da shekara 23. Kansas City ta yi kasada ta ɗauke shi a zagaye na biyu a 1987 daga wata ƙaramar jami'a, Azusa Pacific. A 1989 ya fi kowa a ƙungiyar gudu da ƙwallo, yadi 1,480. Daga cikin ƙartin da ke buɗe masa hanya a wannan shekara akwai wani dattijo a tsakiyar sahu wanda ya baro Pittsburgh bayan kaka 15. Mike Webster ne.

Akwai wani shafi na lissafin da masu ba da maki ba sa buɗewa. Webster ya yi kaka 17, wasa 245, a wurin da kowane tashi sai an yi karo da kai. Bayan ya yi ritaya a ƙarshen kakar 1990 sai al'amuransa suka rikice. Mantuwa ta kama shi, da baƙin ciki, da rashin barci; dukiyarsa ta watse, aurensa ya mutu, har ya kai wani lokaci a cikin motarsa yake kwana. Ya rasu ranar 24 ga Satumba 2002 yana da shekara 50, aka ce ciwon zuciya ne. Likitan da aka ba aikin binciken gawarsa a ofishin binciken mace-mace na gundumar Allegheny wani ɗan Nijeriya ne daga Jihar Anambra, Dokta Bennet Omalu, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, kuma bai san kome game da wasan ba. Da ya duba ƙwaƙwalwar da ido bai ga wata illa ba, amma labarin yadda mutumin ya ƙare bai bar shi ya huta ba. Ya nemi izini ya adana ta, ya sa aka yanka ta sala-sala aka rina, ya duba a madubin likita, sai ya tarar da tarin wani sinadari da ake kira tau, irin wanda ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Ciwo ne da aka daɗe da sani a wurin 'yan dambe, amma ba a taɓa tabbatar da shi a jikin ɗan wasan NFL ba. A 2005 Omalu da abokan aikinsa suka buga sakamakon a mujallar likitoci ta Neurosurgery, da sunan ciwon da ake taƙaitawa CTE.

Likitocin kwamitin NFL suka rubuta wa mujallar suna neman a janye rahoton. Ba a janye ba. Aka ci gaba da samun ciwon a ƙwaƙwalwar wasu tsofaffin 'yan wasa da suka mutu, dubban waɗanda ke raye suka kai ƙara, a 2013 ƙungiyar ta amince ta biya dala miliyan 765, daga baya ma aka cire iyakar kuɗin. Sai a watan Maris na 2016 wani babban jami'inta ya amsa a gaban 'yan majalisar dokokin Amurka cewa lalle akwai alaƙa tsakanin wasan da wannan ciwo.

Shi kuwa Webster, tun a 1999 ya nemi asusun fansho na 'yan wasa ya biya shi cikakken haƙƙin wanda wasa ya nakasa tun daga ranar da ya ajiye hular kwano, aka ba shi wani kashi aka hana shi saura. Bayan rasuwarsa magadansa suka kai ƙara. Wata kotun tarayya a Baltimore ta ba su gaskiya a 2005, ta ce a biya su fiye da dala miliyan ɗaya. Asusun ya ɗaukaka ƙara, kotun gaba ta tabbatar da hukuncin a watan Disamba na 2006, shekara huɗu da 'yan watanni bayan an binne shi.